ƁOYAYYEN HASKE: CUTARSA DA AMFANINSA

A wannan fitowa za mu ajiye maganar taki da iri tukuna, mu ɗauki wata magana da ta ke ta komowa gabanmu a ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo. Mutum ya daɗe yana tari, malamin asibiti ya ba shi takarda ya tafi Sakkwato a ɗauki hoton ƙirjinsa, sai ya ninke takardar ya cusa cikin hula, ya ce ai hoton nan shan jini ya ke yi. Mace ta sami ƙari a nono, likita ya yi aiki ya ce saura gashi, dangi suka taru suka ce ba za a ƙona musu 'ya ba, suka komo da ita gida. Wata kuwa ta daure ta yi gashin, da ta dawo sai maƙwabta suka hana 'ya'yansu cin tuwo tare da ita. A gefe guda ga samarinmu 'yan gwangwan, kowane irin ƙarfe suka samu sai su fasa da guduma, ba sa tsoron kome.

Fiye da shekara ɗari ke nan likitoci da masanan halitta suna binciken wannan abu. Abin da suka gano ba boyayye ba ne, sai dai bai iso ƙauye da Hausa ba. Shi za mu yi ƙoƙarin kawo muku.

MENE NE SHI?

Hasken rana muna ganinsa, zafin wuta muna jinsa. Amma akwai wani irin haske wanda ido ba ya gani, fata ba ta ji, ba shi da wari, ga shi kuwa yana ratsa nama kamar yadda hasken fitila ya ke ratsa siririn yadi. Turawa suna ce da shi rediyeshon. A labaran rediyo ku kan ji an ce tururin nukiliya. Mu a nan za mu kira shi ɓoyayyen haske.

Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen shi ya fara gano irin wanda a ke hoton asibiti da shi, a shekarar 1895. Ya ɗauki hoton hannun matarsa, sai ga ƙasusuwa da zobe sun fito sarai. Duniya ta ɗauka da murna, ba wanda ya san yana da illa. Ba a daɗe ba likitocin farko suka fara ganin hannuwansu suna ƙuna, waɗansu har aka yanke musu yatsu. Marie Curie, wadda ita da mijinta suka gano sinadarin radiyam a 1898, ta rasu a 1934 da ciwon ƙarewar jini, bayan shekaru tana aiki da shi ba kariya. Littattafan da ta riƙa rubutu a ciki har yanzu a akwatin dalma a ke ajiye su a birnin Faris.

To, kada a ɗauka mutum ne ya ƙirƙiro shi. Yana cikin halittar Allah tun farko. Kaɗan daga cikinsa yana fitowa daga ƙasa da duwatsu, kaɗan yana saukowa daga sama, akwai shi cikin abincin da mu ke ci, har cikin jikinmu. Kakanninmu da shi suka rayu. Abin tambaya kullum shi ne, nawa ne ya shiga jiki, kuma cikin wane tsawon lokaci?

Kamar yadda mu ke auna gero da mudu, shi ma yana da ma'auni, sunansa milisibat. A ƙididdigar duniya, kowane mutum ya kan sami wajen milisibat 2.4 a shekara daga halitta kawai, ko bai taɓa zuwa asibiti ba. Hoton ƙirji guda ɗaya bai wuce 0.1 ba, wato kamar abin da za ka samu cikin mako biyu kana zaune a gindin bishiyarka. Babban hoton nan na ciki da a ke kira siti-sikan ya kan kai 8 zuwa 10, kamar na shekara uku ko huɗu ke nan. Ma'aikacin da aikinsa ke nan, doka ba ta yarda ya wuce 20 a shekara ba. Idan mutum ya sami 1,000 a lokaci guda, zai kwanta ciwo. Idan ya kai 4,000 zuwa 5,000, rabin waɗanda suka same shi za su mutu in ba a yi musu magani ba. Ku riƙe waɗannan lambobi, gama sauran maganar a kansu ta ke.

YADDA YA KE TAƁA JIKI

An gina jikin mutum da na dabba da na tsiro da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon zare mai ɗauke da umarni, shi ya ke gaya mata abin da za ta zama, da lokacin da za ta rabu biyu, da lokacin da za ta tsaya. Shi ne kuma ya ke ɗauke da gado daga iyaye zuwa 'ya'ya. Sa'ad da ɓoyayyen haske ya ratsa, ya kan tsinke zaren nan a wani wuri.

Jiki ya iya ɗinki. Kamar masunta a bakin Gulbin Rima, kullum yana cikin gyaran komarsa. Idan tsinkewar kaɗan ce, ya kan gyara ba wanda ya sani. Idan ta yi yawa a lokaci guda, gyara ya gagara, ƙwayoyin su mutu. A nan ne a ke ganin amai da zawo, da zubar gashin kai, da ƙunar fata, da ƙarewar jini, cikin kwanaki ko makonni. Wannan hanya ɗaya ke nan, kuma sai hasken ya yi yawa ƙwarai a ke ganinta.

Hanya ta biyu ta fi ɓuya. Wani lokaci ɗinkin ya kan zo a karkace. Ƙwayar ba ta mutu ba, amma umarninta ya ɓaci, bayan shekaru sai ta fara hayayyafa ba tsayawa. Shi ne ciwon daji. Wani masani a Amurka, Hermann Muller, ya nuna a 1927 cewa hasken yana canza gado. Da ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace ya yi gwajin. Ya haska su, jikokinsu suka riƙa fitowa da naƙasa iri iri. Ya sami lambar Nobel a 1946 saboda wannan aiki.

ABIN DA AKA KOYA A JAPAN

Yawancin abin da duniya ta sani game da mutum, daga wata babbar masifa aka koye shi. A watan Agusta na 1945 Amurka ta jefa bom na nukiliya a biranen Hiroshima da Nagasaki. Daga 1950 masu bincike na Japan da Amurka suka rubuta sunayen mutum wajen 120,000, suka tambayi kowa inda ya ke tsaye a ranar, da irin bangon da ya kare shi, domin a lissafta yawan hasken da ya samu. Daga nan aka yi ta bin su shekara da shekaru, a ga wane ciwo ya kama wa, da abin da ya kashe shi. Aikin ya wuce shekara saba'in.

Ciwon dajin jini shi ya fara bayyana, bayan shekara biyu, ya kai ƙarshen yawansa bayan shekara shida zuwa takwas, ya fi kama yara. Dajin nono da na huhu da na ciki da na maƙogwaro sai bayan shekara goma suka fara ƙaruwa. A wani lissafi da ya kama daga 1958 zuwa 2009, cikin mutum 105,444 an sami ciwon daji irin na ƙari guda 22,538. Masu binciken suka ce guda 992 daga ciki su ne hasken ya jawo. Ku duba lambar nan da kyau. Ta nuna hasken yana kawo daji, ba shakka. Ta kuma nuna cewa ko a cikin waɗanda bom ya faɗa wa garinsu, yawancin ciwon dajin da suka yi irin wanda kowa ke yi ne. Wanda ya fi kusa da inda bom ya fashe, shi ya fi shiga hatsari, yaro kuma ya fi babba.

Jariran da ke ciki a ranar, musamman masu mako 8 zuwa 15, waɗanda uwayensu suka sami haske mai yawa, an haifi waɗansu da ƙaramin kai da raunin hankali. Amma ga wani abu da ba a zata ba. Saboda ƙudajen Muller, kowa ya ɗauka 'ya'yan da za a yi cikinsu daga baya za su fito da naƙasa. Samari da 'yan matan biranen nan sun sha wuyar samun aure saboda wannan tsoro. Aka bi 'ya'ya fiye da 70,000, ba a ga naƙasa ko ciwon gado ya fi na sauran jama'a ba. An ƙi su ne a banza. Sa'ad da mu ke ganin ana gudun matar da ta dawo daga gashi, wannan labari ne ya ke faɗo mana a rai.

BOM A HAMADARMU

Dattawan da ke da shekara tamanin za su tuna. Ranar 13 ga Fabrairu 1960, ana tsakiyar hunturu, Faransa ta fasa bom ɗinta na farko kusa da Reggan, cikin hamadar Aljeriya, fiye da kilomita 1,500 arewa da Sakkwato. Ƙarfinsa ya kai wajen sau huɗu na wanda aka jefa a Hiroshima. Ta sake fasa na biyu ranar 1 ga Afrilu, na uku ranar 27 ga Disamba. A watan Janairu na 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ta yi wajen wata uku da karɓar mulkin kai, ta kori jakadan Faransa daga Ikko, ta hana jiragen Faransa na ruwa da na sama tsayawa a ƙasar nan. A ganinmu wannan yana cikin abubuwan da ya kamata a riƙa koya wa yara a makaranta. Faransa dai ba ta fasa ba. Ta fasa na huɗu a fili a watan Afrilu na 1961, sa'an nan ta koma ƙarƙashin dutse a In Ekker, ta yi guda 13 har zuwa 1966.

An daɗe ana cewa ƙurar ba ta je ko'ina ba. Sai a 2014 wata jaridar Faransa ta buga taswirar sojojin ƙasar, wadda da a ke ɓoye ta. Taswirar ta nuna ƙurar bom na farko ta kai Fort Lamy, wato Njamaina ta yanzu, ta kai Bamako, cikin mako biyu har ta taɓa gaɓar Sifen. Mutanen hamada da aka fasa bom ɗin a ƙasarsu ba a bi su da bincike irin na Japan ba, waɗanda aka biya diyya a cikinsu kuwa kaɗan ne ƙwarai.

Abin da ya sa ƙurar irin wannan ta shafi manomi da makiyayi, an gan shi a fili a Canobil, a ƙasar Yukren, inda tashar wutar nukiliya ta fashe ranar 26 ga Afrilu 1986. Wani sinadari mai haske, irin aidin, ya sauka a kan ciyawa. Shanu suka ci, ya shiga nono, yara suka sha, ya taru a maƙogwaronsu. Zuwa 2005 an sami fiye da mutum 6,000 da dajin maƙogwaro cikin waɗanda suke yara a lokacin. Yawancinsu an yi musu aiki sun rayu. Da an hana shan nonon yankin na 'yan makonni, da yawancin ciwon bai auku ba, gama shi wannan sinadari rabin ƙarfinsa ya kan tafi cikin kwana 8.

To, hazon da ke rufe mu kowace shekara fa, har yanzu da sauran guba a ciki? Wani sinadarin, siziyam, ya fi daɗewa, sai shekara 30 rabinsa ya ke tafiya, saboda haka abin da ya saura daga 1960 bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A watan Maris na 2022 ƙurar hamada ta rufe Turai, masana suka tara ta daga ƙasashe shida suka auna. Sakamakon da suka fitar a 2025 ya ce akwai ɗan burbushi, amma ya yi ƙasa nesa da abin da zai cuci mutum, kuma alamarsa ta fi kama da ta manyan gwaje-gwajen Amurka da Rasha waɗanda suka bazu a duniya duka. Tarin da ku ke yi da hunturu, ƙurar ce kanta. A rufe wa yara hanci da tsumma mai tsabta.

HOTO DA MACE MAI CIKI

Wata likita a Ingila, Alice Stewart, ta bi gidajen da yara suka mutu da ciwon daji, ta tambayi uwayensu. A 1956 ta sanar cewa yaran da aka ɗauki hoton cikin uwayensu suna da juna biyu sun fi sauran kamuwa. Manyan likitoci suka yi ta musu da ita shekaru da yawa, daga baya aka gane tana da gaskiya. Tun daga nan aka daina yi wa mai ciki hoton mara sai da babban dalili.

Saboda haka, 'yan'uwa mata, in an tura ki hoto, kina da ciki ko kina zaton kina da shi, ki faɗa kafin ki shiga ɗakin. Kunyar cikin fari ba ta da wuri a nan. In likita ya sani ya ce duk da haka a yi, to a yi, gama hoton ƙirji ko na ƙafa abin da ya ke kai wa ga jariri ƙanƙani ne. Sikanin da a ke yi wajen awon ciki, wanda a ke shafa mai a goga wani abu a kan ciki, shi ba ɓoyayyen haske ba ne sam. Da sauti ya ke aiki. Shi ke nuna ko yaro ya kwanta a gicciye, ko tagwaye ne, tun kafin ranar naƙuda. Shugabannin Zumuntar Mata su taimake mu da wannan bayani a taronsu.

Mai tari kuwa, in tarin ya wuce mako biyu, ya je a duba majinarsa, in an ce hoto a yi. Hoto ba ya taɓa jini. Tarin fuka shi ke cinye mutum, ya kuma kama na kusa da shi, alhali maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Abin da ba mu so shi ne yawon hoto, yau a nan gobe a can, ba likitan da ya rubuta. Ku ajiye tsohon hoto da takardarsa, ku tafi da su duk inda za ku.

GASHI

Wajen rabin masu ciwon daji suna bukatar gashi. Sunan ne ya ke tsorata mutane, sai ka ce za a ɗora mutum a kan garwashi. Babu wuta a ciki. Majiyyaci ya kan kwanta a kan gado, injin ya auna daidai inda ƙarin ya ke, ya haska wurin na 'yan mintoci. Ba a jin zafi a lokacin. Dabarar ita ce, ƙwayoyin daji ba su iya ɗinke zarensu kamar lafiyayyun ƙwayoyi ba. Domin haka a ke raba hasken kaɗan kaɗan, kullum daga Litinin zuwa Jumma'a, har makonni. Kafin gobe lafiyayyen nama ya gyara kansa, na dajin kuwa bai gama ba a sake bugunsa. Wanda ya yi kwana goma ya ji sauƙi ya gudo gida ya ba dajin hutu ne, kamar mai noman da ya bar ciyawa a rabin gona.

Ba za mu ɓoye muku ba, akwai wahala. Fatar wurin ta kan yi baƙi ko ta saɓule, ga gajiya, kuma kaɗan daga cikin waɗanda suka warke su kan sami wani dajin bayan shekaru da yawa. Amma wannan hatsarin ƙarami ne in aka gwada shi da ƙarin da ke cin mutum yau. Abin da ya sa a ke cewa gashi yana kisa, yawancin mutanenmu ba sa zuwa sai ciwo ya fashe ya bazu, bayan an gama da saƙe-saƙi da tsaga. In ya rasu sai a ce injin ne.

Wanda aka yi wa gashi da injin daga waje ba ya ɗauko hasken ya kawo gida. In an kashe fitila, ai haske ba ya maƙale a riga. A ci da ita a ƙwarya ɗaya, ta goyi jikanta, ta zauna a bencinta a majami'a. Sai dai wanda aka ba maganin aidin mai haske ya haɗiya saboda ciwon maƙogwaro, shi likita zai ce ya nisanci yara da masu ciki na 'yan kwanaki.

Akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, a 2025 kuma aka buɗe sabuwar cibiya a Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina. Injinan ƙasar nan kaɗan ne, su kan kuma tsaya, saboda haka a tambaya kafin a sayar da akuya a hau mota. Abin da ya fi karya mutanen ƙauye shi ne masauki da abinci na mako biyar ko shida a birni. A nan ikkilisiyoyin cikin gari suna da aikin yi, ko majiyyacin namu ne ko maƙwabcinmu Musulmi.

Game da wayar hannu da dogon ƙarfen sabis, da a ke yawan tambayarmu: nasu hasken irin na rediyo ne, ba shi da ƙarfin tsinke zaren nan. Wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai ga waya tana kawo dajin ƙwaƙwalwa ba. Rana ta fi su cuta. Zabiya ya sa malafa da riga mai dogon hannu kullum, gama dajin fata yana kashe su da yawa.

A GONA DA GARKE

Hasken da ke lalata gado, an juya shi ya yi wa makiyayi aiki. Daga 1979, a Vom ta Jihar Filato, an yi kiwon ƙudan tsando, mai kawo wa shanu sammore. A kan haska mazan har su zama ba sa haihuwa, a sake su a daji. Macen tsando ba ta yawan barbara fiye da sau ɗaya, in ta gamu da irin wannan namiji zuriyarta ta yanke. Da haka, tare da tarkuna, aka share ƙudan daga fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,500 a wajen Lafiya. A tsibirin Zanzibar an gama da shi ƙaf a 1997.

Mu masu albasa da tafarnuwa kuma, ɗan haske kaɗan yana kashe idon albasa ya hana ta tsiro a ajiya. Tun 1980 kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce abincin da aka haska bisa ƙa'ida ba ya cutarwa, kuma ba ya riƙe hasken. Akwai injin yin haka a Sheda kusa da Abuja. Amma daga fadamar Wurno zuwa can kuɗin mota ya cinye ribar, kuma haske ba ya hana ruɓa in albasa ta shiga rudu da danshi. Shawararmu tana nan yadda ta ke: a janye ban ruwa kafin cira, a bar wuya ya bushe sarai, a tsince mai rauni, a ɗaga rudu daga ƙasa iska ta ratsa.

INDA HATSARIN YA KE

Samarinmu da yawa suna bin hanyar Illela da Ƙonni su tafi cin rani arewa, waɗansu har Arlit, inda a ke haƙar yuraniyam tun 1971. An daɗe da sanin cewa masu haƙar irin wannan dutse a rami suna yawan kamuwa da dajin huhu, saboda wata iska mai haske da a ke kira radon, mai shan taba kuwa hatsarinsa ya ninka. A 2009 masu awo daga ƙungiyar Greenpeace da wani ɗakin bincike na Faransa suka sami ƙarafa masu haske a kasuwar Arlit, da tarkacen dutsen rami a titin Akokan. Wani ɗan garin, Almustafa Alhasan, ya sami lambar yabo ta Nuclear-Free Future a 2017 saboda fafutukarsa a kan wannan. An rufe ramin Akuta a 2021, amma tulin dusar dutsen yana nan. Wanda ya je can kada ya sayo tsohon bututu ko ganga ko ƙarfen kamfani domin tukunya ko ajiyar ruwa. 'Yan'uwanmu na Jos su ma su kula da baƙin yashin da ya saura a tsofaffin ramukan kuza, kada a yi yaɓen ɗaki da shi.

Abin da ya fi damunmu shi ne gwangwan. Asibitoci, da kamfanonin hanya, da na mai, suna aiki da waɗansu ƙananan gwangwanaye masu ɗauke da sinadari mai haske, a rufe cikin dalma mai kauri. In suka ɓata, wurin masu tsohon ƙarfe su kan ƙare. A watan Satumba na 1987, a garin Goyaniya na ƙasar Barazil, mutum biyu suka ɗauko kan wani tsohon injin gashi daga asibitin da aka yi watsi da shi. Suka fasa, suka sayar wa mai gwangwan. Da dare ya ga wani gari a ciki yana ƙyalli shuɗi, ya kai gida, ya rarraba wa 'yan'uwa da abokai. Wata yarinya 'yar shekara shida ta yi wasa da shi ta ci abinci da hannun. Mutum huɗu suka mutu, har da ita. An auna mutum 112,000, aka sami 249 da garin a jikinsu, aka rushe gidaje. Mutanen gidan sun yi kwanaki suna amai ana cewa abinci ne ya ɓata musu ciki, sai matar mai gwangwan ta lura ciwon ya shigo ne tare da ƙarfen. Ta sa shi a jaka ta kai ofishin lafiya. Ta ceci garin, amma ita ma tana cikin huɗun.

Alamar da za ku duba ita ce hoto mai kama da fanka mai fikafikai uku, baƙi ko ja-ja, a kan rawaya. Wani lokaci alamar ta goge, sai dai ka ji ƙaramin ƙarfe ya yi nauyin da ya wuce girmansa. In kun ga haka kada ku fasa, kada ku sa a aljihu, kada ku kai gida. Ku ja da baya, ku hana yara zuwa wurin, ku gaya wa hakimi da 'yan sanda su sanar da hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2001. In kuwa mutane da yawa a gida ɗaya suka fara amai, ga ƙuna a hannu ba wanda ya taɓa wuta, ku gaya wa likita irin ƙarfen da ya shigo gidan da ranar da ya shigo.